Shekarar da Tsirel Ta Ce Ba Ta Yafe Ba

Ni ce a ƙasa, su ne a sama, don haka babu abin da zai faru a gidan Reb Kalman bai ratso silin ya same ni ba. Gidanmu tsoho ne, irin siraran gidajen nan na Antwerp da ke bayan layin dogo. Na san takun 'yarsa Tsirel kamar yadda na san tarina. Da safe takun yana da sauri, daga ɗakin girki zuwa ɗakin tsoho, daga can zuwa banɗaki. Kafin yamma sai ya koma jan ƙafa.

Reb Kalman, kamar ka ce Malam Kalman, mai goge lu'ulu'un daimon ne a zamaninsa, mutum mai tsafta da kunya, wanda ko a gaban matarsa ba ya zama babu hula. Matar tasa, Hinda, ƙawata ce tun muna 'yan mata. Bayan rasuwarta ba da daɗewa ba ɓarin jikinsa ya shanye, hankalin kuma ya riƙa zuwa yana tafiya. Tsirel mijinta ya riga ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna aure, ɗaya a Manchester, ɗaya a Urushalima. Sai ta saki gidanta ta dawo na ubanta, wai na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ne ya zama shekaru. An gwada kawo nas, amma da baƙon hannu ya taɓa tsohon sai ya kama ihu har maƙwabta su leƙo. Daga baya nas ɗin ba ta wuce auna jini da duba magani. Wanka, ɗagawa, juyawa, canjin ƙunzugu, duk a kan Tsirel.

Tana da ƙane, Zundel, gidansa ba nisa, can kusa da lambun gari. Ba zan ce mugu ba ne, don ni na ga tasowarsa. Yana koyarwa a makarantar yara maza, shi ne kuma yake jan addu'a a majami'armu ta Yahudawa a manyan ranaku. Muryarsa kuwa baiwa ce. In ya ja addu'ar daren Yom Kippur, ranar babban azuminmu, sai ka ji kana kuka a kan zunuban da ba ka ma yi ba. Duk Juma'a yakan zo da kwalin kek, ya sumbaci hannun ubansa, ya ce, "Yaya, Allah ya saka miki, ban san yadda za mu yi ba in babu ke." Ya tafi ko kwat bai tuɓe ba.

Abin ya faro ne ana gab da sabuwar shekararmu, lokacin da ake zuwa ziyarar kaburbura. Maƙabartarmu tana Putte, a ƙetaren iyaka, sai an shiga bas. Tsirel ta daɗe ba ta je kan kabarin uwarta da na mijinta ba. Ta roƙi Zundel ya zauna da tsoho rabin yini kawai, ya ce babu komai, ai wannan ba abin roƙo ba ne. Ranar ta zo, ta sauko ta same ni a bakin ƙofa, ta sa kwat ɗinta mai kyau, har da ɗan kwalli. Muna tsaye muna jiransa sai wayarta ta yi ƙara. Ina jin muryarsa sarai.

"Yaya, jiya na ji Baba yana tari. Kin san halin maƙogwaron nan. In na kamu yanzu, wa zai tsaya a gaban jama'a? Ki yi haƙuri, bayan bukukuwa ni da kaina zan kai ki."

Tsirel ta ce, "To."

Ita ke nan kalmar da ta faɗa. Ta sa wayar a jaka, ta kwance maɓallan kwat ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Inna Mindel, ki gaishe su." Ta hau sama. Ni kaɗai na tafi, ana yayyafi, na ɗora tsakuwa, kamar yadda muke yi, a kabarin Hinda da na Anshel mijin Tsirel.

Sabuwar shekara ta zo. Tsirel ta gasa burodi mai zagaye, ta dafa kan kifi, ta yanka tuffa ta ajiye da zuma, duk don mutum biyu, ɗayan ma sai an dama masa komai ya zama kunu. Majami'a kuwa ba ta je ba. A rana ta biyu da yamma Zundel ya zo da ƙahon rago don ubansa ya ji busar da ake yi wa sabuwar shekara, wuyansa naɗe da gyale. Na hau na tsaya tare da su. Daga bakin ƙofar ɗakin ya tsaya ya busa, bai shiga ba. Tsohon ya buɗe ido, hawaye suka gangaro masa, ya ce, "Zundel. Ɗana." Sannan ya juya ga Tsirel da ke goge masa haɓa, ya ce, "Ke baiwar Allah, ina Tsirel? Me ya sa ba ta zuwa duba ni?"

Ta ce, "Tana nan tafe, Baba," ta ci gaba da gogewa.

Kowa ya san kwanakin da ke tsakanin sabuwar shekara da Yom Kippur na neman gafara ne, don Ubangiji ba ya yafe abin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka sai shi ɗan'uwan ya yafe. Amma mu faɗi gaskiya, yawancinmu mun mayar da abin kamar gaisuwa. Ki yafe mini, na yafe, ke ma ki yafe mini, a wuce. Haka Zundel yake yi wa yayarsa duk shekara a jajiberin azumi. A wannan shekarar ya zo da wuri, wai jajiberin zai yi masa cunkoso. Ƙofata a buɗe take ina shara, su kuma suna saman matakala, hannunsa ɗaya har ya riga ya kama ƙarfen sauka.

"Yaya, tunda ga ni, ki yafe mini duk abin da na yi miki a shekarar nan, da sani ko ba da sani ba."

"A'a."

Ya yi 'yar dariya. "Na'am?"

"Na ce a'a. Ban yafe ba."

"Haba Yaya, wasa kike yi?"

"Na yi maka kama da mai ƙarfin wasa? Ka ja ƙofar ƙasa da kyau in ka fita, iska tana shigowa."

Na ji ta rufe tata ƙofar a hankali, ba ta buga ba. Zundel ya sauko fuskarsa fara fat. Ya tsaya a kaina ya ce, "Inna, kin ji? Me na yi mata?" Na ce, "Ɗaga ƙafarka, kana kan sharata."

Abin ya dame shi ƙwarai, wannan kam na shaida. Yaya mutum zai tsaya a gaban jama'a yana roƙa musu gafara alhali yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya tana riƙe da shi? Ya je wajen rabbi, babban malamin majami'armu, rabbi ya gaya masa abin da shari'a ta ce: in an hana ka, ka koma da mutum uku, ka sake roƙo a gabansu, har roƙon ya cika uku. In har ba a yafe ba bayan haka, ka fita, laifi ya koma kan wanda ya ƙi.

Bayan kwana biyu sai ga shi da safe da mutum uku a bayansa: Reb Getzel, tsohon tela mai kula da majami'a, da wasu malamai biyu abokan aikinsa. Ina sama a lokacin, ina taya Tsirel ninke zannuwan gado. Daren ya yi wa tsoho wuya, ɗakin yana wari duk da an buɗe taga, ga bokitin jiƙon wanki a tsakar falo. Mutanen suka tsaya cirko-cirko da hulunansu, kowa yana neman inda zai ajiye idonsa.

Tsirel ta miƙa wa ɗaya daga malaman gefen zanin da ke hannunta. "Riƙe nan, malam, tunda ka zo." Ya riƙe, don bai san yadda zai ƙi ba.

Zundel ya gyara murya. "Yaya, a gaban waɗannan mutane ina roƙonki ki yafe mini laifin da na yi miki."

"Wane laifi?"

"Duk wanda..."

"A'a, ba duk ba. Faɗe shi. Mutum ba ya zuwa kanti ya ce a ba shi duk. Wanne ne?"

Ya ce, "Maganar Putte. Na saɓa alkawari, na sani, kuma na ce zan kai ki."

"Wannan shi ne ƙaramin cikinsu. Sai wanne?"

Ya dubi Reb Getzel, ya dubi ni. Ya ce ko don bai kira ta ranar tunawa da rasuwar mijinta ba ne. Ya ce ko matarsa Roiza ce ta faɗi wata magana. Har ya kai ga wata rigima da suka yi a kan kwanukan uwarsu, wadda ita Tsirel ta manta da ita. Tana ta ninki tana sauraro, ba fushi a fuskarta, kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

Reb Getzel ya kasa haƙuri. Ya ce, "Tsirel, 'yata, ki ji tsoron Allah. An hana mu taurin zuciya ga mai neman gafara. Wannan shi ne na biyu. In ya yi na uku kika ƙi, zunubin a wuyanki yake."

Ta ce, "Ku ɗora, Reb Getzel. Kullum ina ɗaga mutum sukutum daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa masai. Zunubi ɗaya ba zai ƙara mini nauyi ba."

Daga cikin ɗaki tsoho ya fara kira, irin kiran nan nasa da ba suna a ciki. Ta karɓe zanin daga hannun malamin ta ce, "Na gode, ka iya riƙo. Ko za ku shigo ku taya ni juya shi?" Kafin ta kai ƙofar ɗakin sun kai matakala. Reb Getzel yana sauka yana faɗin ita kamar uwarta ce, Hinda ma haka take in ta kafe. Na ce masa daga sama, "Ka sauka a hankali, Getzel, babu mai ɗaga ka in ka faɗi."

Da suka tafi na ce mata, "Ke kuwa me kike so ya ce?" Ta zauna a hannun kujera ta daɗe tana kallon bokitin. Ta ce, "Ni ma ban sani ba, Inna. Na dai gaji da cewa na yafe. Duk shekara sai in ba shi abin da ya zo nema ya tafi wasai, ni kuma in koma ciki."

Jajiberin Yom Kippur ya zo da ruwa tun safe. Unguwa ta cika da ƙamshin miyar kaza, kowa yana sauri ya gama komai kafin rana ta faɗi. Na ci abincin ƙarshe na kafin azumi, na jera kyandirori, ina neman takalmina na roba, don ba a sa na fata a ranar, sai na ji wani abu ya faɗi a sama, mai nauyi, silin har ya zubo da ƙura. Sai shiru. Shirun ne ya fi ba ni tsoro.

Na hau da gwiwoyin nan nawa. A banɗaki na same su. Tsirel ta so ta yi wa ubanta wanka don ya shiga ranar da tsarki kamar yadda ya saba, sai ya suɓuce mata ya faɗa tsakanin baho da masai, tsirara, ya kuma ɓata jikinsa saboda firgita. Ita kuma garin tare shi bayanta ya riƙe. Tana zaune a kan tayil, jingine da bango, ta kasa ko miƙe ƙafa, hannunta ɗaya tallafe da kansa. Bai ji ciwo ba, amma yana rawar sanyi. Na yafa masa tawul na ce a kira motar asibiti.

Ta ce, "In suka zo ɗauke shi za su yi. A can zai yi Yom Kippur cikin baƙi yana ihu har ya mutu. Ki bari in huta kaɗan, zan tashi."

"Ba za ki tashi ba."

Na kira gidan Zundel. Roiza ce ta ɗauka, ta ce yana shirin fita, kuma tun safe ba ya magana, yana tanadin murya. Na ce, "Ba maganarsa nake so ba, hannuwansa nake so. Ki ce masa ubansa yana kwance a ƙasan banɗaki."

Bai daɗe ba ya iso yana haki, da farar rigar nan da maza suke sawa a ranar a ƙarƙashin kwat, don daga nan majami'a zai wuce. Ya tsaya a ƙofar banɗakin. Ina jin tun da tsohon ya kwanta bai taɓa ganinsa ba sai a lulluɓe har wuya, an taje masa gemu. Yanzu ga haƙarƙari a waje, ga fata tana reto a cinya, ga gyambon kwanciya a ƙugu wanda Tsirel take fama da shi tun bazara. Ya sa hannu a baki, ya juya, na ɗauka amai zai yi.

Tsirel ta ce, "Tuɓe kwat ɗin. Ka shiga ta bayansa. Ba haka ba, za ka gurɗe masa kafaɗa. Sa hannuwanka ta ƙarƙashin hammata, ka haɗa su a ƙirjinsa. Yauwa. Da gwiwa za ka ɗaga, ba da baya ba, ka ga yadda na ƙare."

Ya ɗaga shi. Ya zaunar da shi a kujerar wanka, ya wanke shi, ita tana ƙasa tana gaya masa inda soso yake, da ruwan da bai cika zafi ba, da yadda ake goge gyambon ba a murza ba. Tsohon ya yi ta kuka a hankali yana kare gabansa da hannun da ke aiki. Zundel yana cewa, "Ni ne, Baba, ni ne," muryar da aka yi ta tanadi tana karkarwa. Kafin ya kai shi gado ya ɗaura masa ƙunzugu, farar rigar ta jiƙe sharkaf, gabanta duk ya ɓaci. Ya dawo ya ɗaga yayarsa ita ma, ya kai ta kujerar falo. Sai a lokacin na gane ko loma ba ta sa a baki ba. Na ɗura mata miya da cokali tana ƙi ina matsawa, na kunna musu kyandir, na sauka na kunna nawa na dawo.

Ta taga ana ganin titi ya cika da mutane cikin fararen kaya, da lema, duk sun nufi waje ɗaya. Zundel ya tsaya yana kallonsu. Tsirel ta ce, "Tafi, suna jiranka. Farar rigar Baba tana cikin kwaba, za ta yi maka."

Ya kuwa ɗauko ta ya sa. Ya mayar da kwat ɗinsa, ya ɗaure gyale, har ya kama hannun ƙofa. Sai tsoho ya fara kira daga ɗaki. Tsirel ta dafa kujera za ta miƙe, ta taso kaɗan, ta koma ta zauna, gumi ya karyo mata. Ta sake gwadawa. Zundel yana tsaye yana kallo. Bai yi kama da mai aikin lada ba, ya yi kama da wanda aka ƙwace wa abu. Ya kwance gyalen ya ce, "Inna, ki gaya wa Reb Getzel ya sa wani."

Na tarar da majami'a ta cika maƙil, an fito da littattafan Attaura, kowa yana waigen ƙofa. Na aika aka kira mini Getzel na gaya masa. Ya je ya raɗa wa rabbi, rabbi ya gyaɗa kai kawai. Babu wanda ya shirya, sai shi Getzel ɗin ya ja mayafin addu'a ya rufe kansa ya fara. Muryarsa kamar ana jan tsohuwar ƙofa. A benen mata aka yi ta gunaguni, wata ta ce ita daga Brussels ta taso don ta ji Zundel.

Washegari da hantsi na hau. Zundel yana zaune a bakin gado, idanu sun yi ja, gemu a hargitse. Ya ce da yayarsa, "Haka yake yi kullum?" Ta ce, "Jiya ai ya yi sauƙi, ya ga baƙo."

Ga kuma rigimar abinci. Likita ya ce kada tsoho ya kuskura ya yi azumi, rabbi ma ya ce ya ci. Amma da ya ga farar riga a jikin ɗansa ya gane ranar, ya datse baki. Tsirel ta lallaɓa da sanda ta kai masa cokali, ya kawar da kai ya ce, "Kina so ki sa ni saɓo? Wace ce ke?" Zundel ya karɓi kwanon ya ce, "Baba, rabbi ya ce yau cin naka shi ne azuminka." Tsohon ya dube shi, ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu.

Tsirel ta yi wata dariya ta hanci. Ta ce, "Maganar da nake gaya masa ke nan duk shekara, sai mu kai yamma muna fama."

Zundel bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, ki bi Inna ku je. An kusa addu'ar tunawa da matattu. Ina nan."

Muka tafi, gurguwa riƙe da gurguwa, muna tsayawa a kowace kwana. Da ƙyar ta hau benen mata. Roiza tana can da 'yan matanta. Ta bari sai da muka zauna sannan ta sunkuyo ta ce, "Sannu Yaya, hankali ya kwanta? Shekara guda yana shiri." Ban ga laifinta sosai ba, ita ma da gida cike da yara ta kwana ita kaɗai, ga surutun mutane. Tsirel ta dube ta kamar za ta amsa, sai ta ce, "Sannu, Roiza," ta buɗe littafinta.

Ko shafi ɗaya ba ta gama ba kanta ya sauko a kafaɗata. Aka zo addu'ar da ta taso dominta, waɗanda iyayensu duka suke raye suka fita kamar yadda ake yi, na ɗaga hannu zan tashe ta sai na fasa. Na faɗi sunayen mamatanta tare da na mamatana. Ta yi minshari, matar da ke bayanmu ta yi tsaki, na juya na dube ta har ta mayar da ido kan littafinta. Aka tashi hutun rana, bene ya watse, ita tana nan. Kafaɗata ta mutu, ƙishirwa ta dame ni, ban motsa ba. Ba ta farka ba sai da rana ta yi ƙasa, jama'a suka miƙe don addu'ar rufewa.

Ta ce, "Inna, na rasa addu'ar matattun?"

"Kin rasa."

Ta kama bayan benci ta miƙe a karkace, ta tsaya a haka har aka busa ƙaho.

Muka koma gida mutane suna ta yi wa juna barka a titi. Mun tarar tsoho yana barci, an canja masa, ko da yake an ɗaura ƙunzugun a baibai. Zundel yana zaune a ƙasa, bayansa jingine da gado. Na ɗora gahawa, na yanka kek ɗin zuma. Ya sha ruwa, ya ajiye kofin, ya miƙe tsaye a gaban yayarsa. Babu shaidu sai ni, ni kuwa a shari'a ba na cikin lissafi.

Ya ce, "Yaya, na bar ki ke kaɗai. Kuma na sani ina barin ki. Shi ya sa ba na tuɓe kwat."

Ta daɗe tana juya cokali. Ta ce, "Zundel, ba ni da sauran ƙarfin yin fushi da kai. In wannan ne ake kira yafiya, ka ɗauka. In ba shi ba ne, ka zo ranar Talata da safe mu gani."

Ya zo ranar Talata. Ya zo ta bayanta ma. Daga nan aka shiga wasu bukukuwan, makaranta ta koma, sai ya zama wani makon ya zo, wani makon Roiza ta aiko da tukunyar miya a madadinsa. Amma in ya zo yakan naɗe hannun riga, ya kuma koyi ɗaurin ƙunzugu. Ya kai Tsirel Putte kamar yadda ya ce, ni na zauna da tsoho, da taimakon Allah bai farka ba sai da suka dawo. Bayan Tsirel bai koma daidai ba, har yau a ɗan karkace take tafiya.

Reb Kalman ya rasu cikin hunturu, wata safiyar Talata, Tsirel ta fita sayo magani. Zundel ne a kansa, shi ya rufe masa ido.

A zaman makoki gidan ya cika. Maza suna falo, mu mata muna ɗakin ciki, ƙofa a buɗe. Labarin kuwa ya riga ya zagaye gari, ya ƙara ƙiba a hanya. Duk wanda ya shigo sai ya kama hannun Zundel ya ce ga ɗan da ya bar jan addu'ar dare mafi girma don ya yi wa ubansa hidima. Wani malami daga waje ma ya ce zai ba ɗalibansa labarin. Zundel ya yi ta cewa, "Yayata ce, ba ni ba ne," su kuma suna cewa ku ji tawali'u.

Jinina ya hau. Na yunƙura zan leƙa in gaya musu abin da ke bakina, Tsirel ta riƙe mini gefen siket. Tana zaune a 'yar gajeriyar kujerar makoki, rigarta a yage a ƙirji kamar yadda ake yi, hannuwanta a kan cinya, don ba a barin mai makoki ya taɓa aiki.

Ta ce, "Ki bar su, Inna. Ai ya yi ɗin."

Wata maƙwabciya ta kawo mata dafaffen ƙwai da burodi a faranti. Ta ci a hankali, ta cinye tas, har ta tsince ɓurɓushin da yatsa. Sannan ta ɗaga kai ta tambayi matar ko akwai saura.